Riƙon karen da aka tsinta: daga bakin hanya zuwa gidan da zai zauna

Wata la'asar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke sa kwalta laushi, na ci karo da yara biyar a bayan Ƙofar Marusa suna jan wani ɗan kwikwiyo da igiyar leda a wuya. Ya ma daina kuka, sai jan ciki yake, harshe waje. Na ce, "Kai samari, ina za ku da shi?" Babbansu ya ce, "Baba, uwarsa ce mota ta take, tsohuwar rijiya za mu jefa shi ya huta." Na ba su kuɗin alawa, na karɓi igiyar. Kwikwiyon baƙi ne wuluk, sai muka sa masa suna Duna. Yau shi ke gadin awaki da mangwaro a wata gona da ke kan hanyar Daura. Daga kansa karnuka da dama suka ratsa gidana, wani ya yi makonni, wani watanni, kuma abin da na koya a kansu shi ne zan jera wa duk wanda zuciyarsa ba ta iya wucewa ta bar dabba a wannan hali.

Bahaushe ba baƙon riƙo ba ne. Mun san ɗan riƙo, mun san ba kai ka haife shi ba amma cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka. A birnin Landan akwai gidan Battersea da ke karɓar karnukan da aka yasar tun 1860, masu sa kai su ɗauki wasu su riƙe a gida kafin a samo musu masu so. Mu a nan gidanka shi ne wurin ajiyar, kai ne mai jinya, kai ne kuma mai neman inda za a kai shi.

Ka fara da zancen addini, don shi za a fara yi maka

Kafin ka shigo da kare gida, ka san amsar da za ka ba mahaifiyarka da maƙwabcinka. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Ya kuma tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Ba a musun wannan. Amma a cikin Buhari da Muslim ɗin nan dai aka ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da karen da ke lasar ƙasa don ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo.

A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don ibada. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da gadin gona da dabbobi saboda larura, kuma ana ba da labarin cewa Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Sauran mazhabobi sun fi tsanantawa a kan yawun, kuma akwai gidajen da ke bin wannan fahimta. Kada ka yi jayayya da su. Abin da ya dace da kowa shi ne kare ya kasance da wurinsa a waje, nesa da ɗakin kwana da wurin salla da randar ruwa, da kaskonsa na daban, kuma ya zamana aiki ake nufinsa da shi: gadi, kiwo ko farauta.

Ka kuma je wurin mai unguwa da maƙwabtan da kuke katanga ɗaya. "Ranka ya daɗe, na tsinci kare zan riƙe na ɗan lokaci, a killace yake, za a yi masa allura." Wannan 'yar maganar tana kashe rigimar da za ta iya tasowa ranar da kazar wani ta ɓace.

Tsayawa nesa tukuna

Nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin tausayi ba tare da lura ba yana iya kai mutum kabari. Ciwon haukar kare na nan a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare ne, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi.

Saboda haka idan ka ga kare a juji ko kango ko ƙarƙashin kwalbati, ka tsaya daga nesa ka kalle shi na 'yan mintoci. Idan yawu na dalala ba ƙaƙƙautawa, yana cizon itace ko dutse ko iska, muryarsa ta shaƙe ta sauya, haɓarsa ta saki ba ya iya rufe baki, ko ƙafafunsa na baya na ja, kada ka matsa. Mutane sun ɗauka mahaukacin kare kullum mai faɗa ne. Akwai wanda ciwon ke sa shi ya yi laushi, ya kwanta shiru kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, mai tausayi ya zura hannu don ya ciro. Kada ka taɓa zura hannu a bakin karen da ba ka sani ba. Ka kore yara daga wurin, ka kira ma'aikatan asibitin dabbobi.

Idan ba ka ga ko ɗaya daga waɗannan ba, ka fara tambaya ko yana da mai shi, domin ba duk karen da ke yawo ne marar gida ba. Idan karya ce mai nono, 'ya'yanta na kusa. Kada ka ɗauke ta ka bar su. Idan 'yan kwikwiyo ne a kwance lafiya, cikinsu a cike, uwar ta tafi neman abinci ne, ka jira ta.

Sai kusanta. Ka zo ta gefe, kada ka tsura masa ido, kada ka tsaya masa a ka. Ka tsuguna, ka jefa ɗan abinci kusa da shi, ka ajiye ruwa, ka ja baya. Wani karen da ya sha jifa sai ka yi kwana uku ko huɗu kana zuwa a lokaci guda kafin ya yarda. Idan ya yarda, ka yi zarge da igiya mai laushi ka zura masa a wuya a hankali. Wanda ya ji rauni kuwa, ko mai kirki ne zai yi cizo don zafi: ka rufe kansa da tsohon bargo, ka ɗaure bakin da tsumma mai faɗi ka zagayo bayan kunnuwa, sai dai idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Ku ɗora shi kan katako ko buhu ku biyu. Kwikwiyo kwali ya ishe shi. Ka gaya wa mai napep abin da za ka ɗauka tun kafin ku yi ciniki.

Idan tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, ko ya lashi wani ciwo a jikinka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, kana duba agogo. Ka shafa aidin idan akwai. Ka tafi asibiti a ranar, Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko asibitin gwamnati da ke Daura ga na can, ka nemi allurar cizon kare. Ba guda ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, da abin da likita ya ƙara, kuma idan cizon ya yi zurfi akwai wata da ake yi a cikin raunin kansa. Ƙona gashin karen a shafa, ko zuba barkono ko toka, ba ya kashe ƙwayar cutar. Karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. Wanda ya san zai riƙa wannan aiki a kai a kai, ya tambayi likita allurar rigakafin da ake yi tun kafin cizo.

Makonni biyu na farko

Ka shirya wurin tun kafin ka kawo shi: lungu mai inuwa da iska, da rufi, da ƙofar da ke rufuwa. Keji na kwano zalla a rana tanda ce. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. Rumfar zana ko inuwar darbejiya ta fi. Da hunturu ka shimfiɗa masa buhu, ka tare iska. Ruwa kada ya yanke dare da rana.

Makonni biyun nan a ware yake. Ba yara, ba awaki, ba wani karen gida. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, ya wanke hannu da sabulu idan ya fito. Ko bayan nan ka ci gaba da lura da halinsa, domin haukar kare na iya ɓoyewa a jiki watanni kafin ta fito.

Karen da yunwa ta cinye, haƙarƙari a waje, kada ka cika masa kasko. Cikin da ya daɗe ba komai ba ya ɗaukar lodi, yana iya kashe shi. Ɗan kaɗan sau huɗu ko biyar a rana: shinkafa ko tuwo mai laushi da romo marar yaji, da dafaffen ƙwai ko ɗan nama. Bayan mako ka riƙa ƙarawa. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina kare, sai da nama ko kifi ko ƙwai. Ka ƙulla zumunci da mahauci ɗaya. Huhu da tumbi da guntattakin da ake zubarwa a mahauta sun wadatar. Amma ka dafa su sosai. Ɗanyen kayan cikin tumaki da awaki na iya ɗaukar 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya shiga mutum ya yi masa ƙullutun ruwa a hanta ko huhu.

Abin da ba a ba shi: albasa da tafarnuwa, don suna lalata masa jini, shi ya sa ragowar miyarmu da kilishi ba nasa ba ne, cakulan, goro, inabi, ƙashin kaza dafaffe, don yana tsagewa ya huda hanji. Kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Ka ɗauke maganin ɓera daga inda zai kai.

Jariran da uwarsu ta mutu su ne aiki mafi nauyi. Ido ba ya buɗewa sai kwana 10 zuwa 14, ba sa iya ɗumama kansu, ba sa ma iya fitsari da kashi sai an taimaka. Ka sa su a kwali da tsummoki, da gorar ruwan ɗumi a naɗe a zane. Duk awa biyu zuwa uku, har da tsakar dare, ka ba su madarar kwikwiyo idan ka samu a shagon maganin dabbobi. Idan babu, nonon akuya da aka tafasa ya huce zai riƙe su kafin ka samu. Suna kife a kan cikinsu ake ba su, ba a rigingine ba, don kada ya bi ta hanyar numfashi. Bayan sun sha, ka goge ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi kamar yadda uwar ke lasa. Wanda jikinsa ya yi sanyi, a ɗumama shi tukuna kafin a ba shi komai. Daga mako na huɗu sukan fara lasar kunu mai kauri da ƙwai. Wasu za su mutu duk da ƙoƙarinka, kuma abin na da ciwo.

Wurin likitan dabbobi

Cikin kwana biyu ko uku na farko ka kai shi asibitin dabbobi, ko ka kira likitan gida. Allurar haukar kare ana yin ta daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara, kuma ka karɓi katin shaida ka adana. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin irin wannan allura, akwai kuma ta waje. Ka tabbatar daga firiji ko kular ƙanƙara aka ciro ta, domin wadda ta sha zafi ta zama ruwa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, a lokacin akan shirya gangamin allura a wurare da dama, sai ka sa kunne. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar na daina yawo a tsakaninsu.

Akwai kuma haɗaɗɗiyar allura ta cututtukan kwikwiyo, ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Mafi muni cikinsu ita ce fabo: amai, gudawa mai jini da ɗoyi, kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu. Idan ka ga haka kada ka kwana. Ƙwayarta na daɗewa a ƙasa watanni, don haka a wanke wurin da bilic, kuma kada a kawo wani kwikwiyon da ba shi da allura nan kusa.

Maganin tsutsar ciki: ƙarami duk mako biyu har wata biyu, sannan duk wata har wata shida, babba kuma duk wata uku. Awo da nauyin jiki ake yi, likita ne zai faɗa. Kaska kuwa, ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu, ka kama ta daf da fata ka ja kai tsaye. Idan ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari fat, kaska ko tsutsa ta shanye jinin, a koma wurin likita. Ƙazuwar da ke zubar da gashi tana warkewa da magani cikin makonni. Ina roƙon jama'a don Allah a daina shafa wa kare baƙin mai, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Na ga karen da aka yi wa haka, yana karkarwa yana kumfa, ba a kai ga asibiti da shi ba. Matsalar da ta fi ƙarfin asibitin kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ka yi shawara da likita kan fiɗiya ga namiji da aikin hana haihuwa ga mace. Karya kan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta wata biyu ne, kwana 63 ko kusa da haka, ta zubo shida ko takwas. Daga nan ake samun na bakin juji.

Sabo da horo

Da ya murmure, ka sa masa suna gajere, kowa a gidan ya riƙa kiransa da shi. Abinci a lokaci guda safe da yamma. Ka koya masa abu uku: ya zo idan an kira, ya zauna, ya saki abin da ya ɗauka. Minti biyar a rana ya isa, da ɗan dafaffen huhu a hannu a matsayin tukwici. Duka ba ya koyar da komai sai tsoro, karen da ke tsoro kuma shi ke cizo. Haka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana, ko ba shi barkono da ƙwaya wai don ya yi zafi: wannan ba mai gadi kake haɗawa ba, bala'i kake haɗa wa yaran unguwa. Gadi a jininsa yake. Idan ya san gida nasa ne zai yi haushi. Da dare ka sake shi cikin katanga, da safe ko yamma ka zaga da shi da igiya. Kashinsa a kwashe kullum a binne.

Awaki da kaji, a nuna masa su yana ɗaure da igiya a hannunka, kullum kaɗan, ka tsawata da murya idan ya zabura, ka ba shi tukwici idan ya kau da kai. Yara kuma a kafa musu doka: ba a taɓa shi yana ci, yana barci, ko tana shayarwa, ba a hawansa, ba a cuna shi ga kowa ko da wasa.

Aikin ya fi sauƙi idan ba kai kaɗai ba ne. Mutum huɗu sun isa: mai fili, mai babur, mahauci, da wanda ya san aikin dabbobi. Ku buɗe zaure a WhatsApp, ku riƙe littafi guda da za a rubuta ranar da aka tsinci kowane kare, allurarsa, da kuɗin da aka kashe. Kada ka karɓi fiye da abin da aljihunka da filinka za su ɗauka. Biyu da aka kula da su sun fi bakwai da ke fama da yunwa a bayan gida.

Miƙa shi, ko riƙe shi

Kwikwiyo ba ya barin 'yan'uwansa sai ya cika mako takwas. Masu buƙata suna nan: masu gonaki da lambuna a bayan gari, masu kiwon kaji da tumaki, makiyaya, mafarauta, masu gida a sababbin unguwannin da ba su cika ba. Ka dubi halin karen. Mai yawan gudu da ƙwazon hanci na mafarauci ne, mai natsuwa da ba ya korar dabbobi na garke ne.

Kyauta ake bayarwa. Hadisi ya hana cin kuɗin kare, kuma shi ne mashhurin zance a Malikiyya. Amma kyauta ba ta hana bincike, domin akwai masu tara karnuka su loda a mota su kai inda ake cin namansu. Wanda ya ce a ba shi uku ko huɗu a lokaci guda, bai tambayi halin ko ɗaya ba, a ba shi haƙuri. Ka je da ƙafarka ka ga inda karen zai zauna. Ka tambaya: "Alhaji, wa zai riƙa ba shi abinci idan ka yi tafiya? Iyali sun amince? Ina inuwarsa?" Ku yi alkawari a gaban shaida cewa za a ci gaba da allurar shekara, kuma idan ya gaji da shi, kai zai dawo wa da shi, ba titi ba. Idan kai ne za ka riƙe shi dindindin, ka yi wa kanka waɗannan tambayoyin, ka tuna kare kan yi shekara goma ko fiye.

Ranar miƙawa ka haɗa masa da katin allurarsa da kaskonsa da buhun da yake kwana a kai, don warin da ya sani ya kwantar masa da hankali. A tsare shi mako guda ko biyu a sabon wurin kafin a fara sakinsa, in ba haka ba zai kamo hanyar gidanka. Bayan mako biyu ka leƙa, bayan wata uku ka sake leƙawa, ka shafa haƙarƙarinsa, ka duba kunnuwa da wuyan da igiya ke zama, ka ga ko akwai ruwa a kasko. Da na koma gonar hanyar Daura karo na biyu, tun ban kashe babur ba Duna ya fito daga ƙarƙashin mangwaro da gudu yana kaɗa wutsiya, mai gonar na biye da shi yana cewa, "Malam, tun da ya zo ko ɗan akuya ɗaya ba a ɗaukar mini ba." Na duba katin, saura wata biyar allurarsa ta gaba, na rubuta masa ranar a bangon ɗakin gonar da gawayi.